Sawun Sarƙa a Hanyar Lajawa

Me ke sa mutum ya ɗauki laifin da bai yi ba, har ya dangwala hannu a kai? Sufeto Garzali ya daɗe yana juya wannan tambaya, bai samu amsa ba.

A daminar da soja suka miƙa mulki ne, ranar Juma'a da hantsi, rahoto ya iso caji ofis na Wudil: mota ta buge wani manomi, Malam Isyaku, a hanyar Lajawa, ta gudu. Garzali ya hau babur shi kaɗai. Watansa uku a garin, iyalinsa na Gusau, ba shi da abokin hira sai rediyo.

Ya tarar an rufe gawar da tabarma. A cikin taɓo ga sawun sarƙa raɗau.

"Ranka ya daɗe, ba sai ka wahala ba," in ji mai unguwa. "Duk ƙasar nan mutum ɗaya ke ɗaura wa taya sarƙa. Haladu direba."

Garzali ya tsuguna. A kan sawun sarƙar, sawun sabuwar taya mai haƙora ya bi ya taka. Ashe sarƙar a gaba take, tayar baya ce ta biyo ta.

A tasha direbobi suka ba shi labari. Haladu ya samu sarƙar wajen wani Bature mai aikin titi, wanda ya ce a ƙasarsu don ƙanƙara ake ɗaura ta. Shi ya mai da ita ta taɓo.

"Mu dai taya mai haƙora muke saye," in ji wani. "Har ɗansa Ado dariya yake masa, wai mota ce ko saniya? A kan haka suka raba gari. Ɗan fari ne kuwa, shekara talatin tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai 'wancan'."

Ba a nemi Haladu ba. Da ƙafarsa ya zo ofis, sarƙa a kafaɗa.

"Ni na buge shi, ɗana. Rubuta."

Aka rubuta, ya dangwala. Babban jami'i ya ce a kai shi kotu Litinin, an gama. Garzali ya fita ya duba a-kori-kurar tsohon. Tayoyi huɗu, duk sun suɗe kamar tafin hannu.

Ya dawo bayan kanta, ya zauna kusa da Haladu.

"Baba, ni ban san aikin nan ba. A tayar gaba ake ɗaura ta, ko?"

"Gaba? Wane mahaukaci ne zai ɗaura a gaba? A baya ƙarfin mota yake. In ka sa a gaba, tana sakewa ta tsinke tiyon birki..."

Sai ya kama bakinsa.

"Wa ya ɗauki sarƙar, Baba?"

"Ba kowa."

"Sunansa kawai nake so."

"Ba za ka ji shi a bakina ba."

Garzali ya sami Ado a bakin gada yana wanke motarsa.

"Ka je Lajawa yau?"

"Ni? Tun safe ina layin Kausani, Yallaɓai."

"Kana ɗaura sarƙa?"

"Allah ya kiyaye! Dubi tayoyina."

Garzali ya duba. Na baya sababbi ne, haƙora zaƙo-zaƙo. Na gaba suɗaɗɗu, ƙarfen wilinsu duk sabon karce. Ya zura hannu bayan ta hagu, ya taɓo tiyon birki sabo fil, ko laka bai sha ba.

"Yaushe ka canza wannan?"

Ado ya ci gaba da matse tsumma.

"Mahaifinka ya dangwala hannu cewa shi ne. Litinin za a kai shi kotu. Shekarunsa nawa, Ado?"

Tsumman ya faɗi.

"Taya biyu kawai na iya saye," ya ce a hankali. "Gaban motar na ta zamewa. Na ji kunyar in tambaye shi bayan abin da na faɗa masa, sai na ɗauki sarƙar a zaurensa. Ta sake a gangara, na taka birki, babu. Na mayar masa da ita inda take, da man birki a jikinta. Ashe ya gane."

Kofur ɗin da ya rako Garzali ya sa masa ankwa. Da suka shigo ofis an riga an fito da Haladu, yana zaune kan benci yana kallon ƙasa. Ado ya wuce ta gabansa, bai ɗaga kai ba.

Garzali ya yaga takardar farko, bai ji ya yi wata nasara ba. Ya tuna wasiƙar nasa ɗan da ke aljihunsa tun makon jiya, bai ba ta amsa ba.

Kofur ya buɗe ƙofar ciki. Tsohon ya miƙe.

"Ado," ya ce. "Ado, ka ci abinci kuwa?"