Ramin da Imoro Ya Tattake

Ana kiran sallar magariba a unguwar Maamobi, Wadia tana kwashe tuwo a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya biyo, na uku ya sauka cikin tukunya. Da mijinta Imoro ya ɗauka ya duba, sai ya ga curin yumɓu ne, jiƙaƙƙe, mai sanyi, alhali an fi wata guda ba a yi ruwa ba. Ya san wannan ƙasar.

Imoro magini ne, shekara ashirin yana haƙa ramin masai a unguwannin Nima da Kanda. Kafin ya sa diga a gidan kowa sai ya yi ramin gwaji, ya zuba ruwa, ya ga yadda ƙasa ke shanye shi. In yumɓu ne, ko ruwan ƙasa yana kusa, yakan ce a nemi wani wuri. Amma da ƙafafun mahaifiyarsa suka daina kai ta layin bayan gida na unguwa, sai ya yi gwajin a gidansu, taku goma daga tsohuwar rijiyar da gida huɗu ke ɗiba. Ramin bai kai ƙugu ba ruwa ya tsattsafo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da ƙasa ya tattake kafin mata su dawo daga kasuwa. Ya ce wa kowa wuri ya yi kyau, ya haƙa masai a nan.

Wata biyu da gama masan, ruwan rijiya ya canja ɗanɗano. Ƙaramar 'yar Lamisi, maƙwabciyarsu, ta kwanta da gudawa, kwana tara a asibiti, ba ta dawo ba.

Bayan sadakar bakwai aka fara jifan. Kullum rana ta faɗi sai yumɓu, sai kuma tari kamar na tsoho daga cikin rijiya. A yammaci na shida Najat, babbar 'yar Imoro, ta yanke jiki ta faɗi kusa da guga. Da ta buɗe ido, ba ta san uwarta ba.

Aka ɗauko Malam Ya'u, mutumin Maraɗi da ke zaune a unguwar New Town. Ya zauna a kan tabarma ya yi ta karatu a hankali, har jikin yarinyar ya ɗauki rawa.

"Wane ne kai?"

"Mai rijiya," in ji wata murya mai kauri daga bakin Najat. "Na riga kakansu zama nan. An zuba mini ƙazanta a ɗaki."

"Ba su sani ba."

"Maginin ya sani. Ya ga ruwa, ya taka da ƙafa."

Wadia ta juyo ta dubi mijinta. Imoro ya sunkuyar da kai.

"A yanka mini baƙin rago, in tafi," in ji muryar.

"Ba a yanka sai don Allah," in ji Malam Ya'u. "Faɗi abin da yake haƙƙinka."

Sai muryar ta ce:

"A kwashe ramin, a cike. Shi kuma ya faɗa da bakinsa, ƙofa ƙofa."

"Na yarda, Malam," in ji Imoro, da ƙyar ake jinsa.

Najat ta yi atishawa, ta saki jiki, ta nemi ruwan sha. Wadia ta wuce randa, ta fita ta sayo na leda.

Da safe Imoro ya bi gidajen. Ƙofar Lamisi ya bari ƙarshe. Ta saurare shi har ya gama, hannunta a kan labule.

"Baban Najat, ni na ɗebo ruwan na ba ta," ta ce. "Tun ranar nake cewa ni ce."

Ta saki labulen. Imoro ya koma gida ya ɗauki shebur.