Wanda Ya Kashe Tsohuwar Kwamfuta

Insifekta Kalilu ya isa wani kamfanin raba irin shuka a Daura ranar Litinin da hantsi, ya tarar da manaja, Hajiya Nagoggo, tana kai-kawo. An cire faifan ajiya daga tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da sunayen manoma dubu huɗu, daga Zango har Babban Mutum, ga damina ta ƙarato.

Chidinma, injiniyar da aka ɗauko ta kwashe bayanan zuwa sabuwar manhaja, ta yi wata biyu tana fama da na'urar da ta girme ta. Ba littafin bayani, wanda ya haɗa ta kuma ya rasu. A ranar ce za ta kwashe.

Maigadi Kabo ya rantse bai gusa daga ƙofa ba ranar Lahadi. Sai a tambaya ta huɗu ya amsa cewa ya leƙa kasuwa bayan azahar. Malam Mainasara, wanda ya shekara ashirin da bakwai yana kula da na'urar, ya ce yana Baure wajen suna.

Kalilu ya koma ɗakin kwamfutar ransa a ɓace. Ba a ɓalle ƙofa ba. Sai ya ga wata takarda a bakin firinta, mai kwanan Lahadi, ƙarfe uku da minti goma. Chidinma ta ce na'urar ba ta buga wannan takardar sai an bi matakai tara wajen kashe ta. Ta sha roƙon Mainasara ya koya mata, kullum sai ya ce gobe.

Kalilu ya sa aka kira shi.

"Malam, ɓarawo soket yake fizgewa. Wa zai tsaya ya lallaɓa ta?"

"Ranka ya daɗe, ina Baure."

"Sunan ɗan wa?"

"In aka fizge, faifan lalacewa yake yi," Mainasara ya ce a hankali.

Ya amsa cewa faifan na gidansa, a naɗe cikin rawani. Da zarar an kwashe, in ji shi, kowane mai waya zai iya yin aikin da shi yake yi, kuma babu wanda ya tambaye shi inda zai zauna.

Aka ɗauko faifan. Har an kai Mainasara bakin mota Chidinma ta biyo su, ta ce ita fa ba ta iya kunna na'urar ba.

Kalilu ya dafe kai, ya ba shi minti goma. Mainasara ya mayar da faifan, ya kunna, ya nuna mata komai tana rubutawa. Sannan ya miƙa hannuwansa aka sa masa ankwa.