Saran da Ya Tona Asiri

Hotuna huɗu ne jere a bangon falon Baba Saje, kuma duk safiya Auta ce mai goge su: kakanta, mahaifinta, da yayyenta maza biyu, kowa cikin koren kakin sojan ƙasa, kowa ya ɗaure fuska. A gefensu akwai ƙusa ta biyar da ba a rataya mata komai ba. Wannan ta surukin gida ce, tsohon ya buga ta da hannunsa ranar da ya amince zai ba Dogo auren autarsa.

"Yaron kirki, kofur ɗin sojan ƙasa!" in ji shi kullum. "Jininmu ne."

Abin da bai sani ba, Dogo ya yi wata huɗu da komawa sojan ruwa. Auta ta sani, kuma maganar ta hana ta sukuni.

"Ka gaya masa mana!" take cewa a waya. "Wallahi ka fara ba ni haushi."

"Sori, ranki ya daɗe. Bari a sa rana tukuna. Ai da kayan gida zan zo, ta ina zai gane?"

Ta ina zai gane! Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana gyara wa kurata tsayuwa.

Ranar Asabar da hantsi Dogo ya yi sallama. Dokar gidan ce, duk sojan da ya shigo sai ya ƙame ya sara wa Saje. Dogo ya buga ƙafa, ya ɗaga hannu. Sojan ƙasa tafin hannunsa waje yake kallo in ya sara, na ruwa kuwa ƙasa yake kallo. Wata huɗu na horo sun yi aikinsu, tafin hannun Dogo ya kife.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Sake," in ji Saje a hankali.

Dogo ya juya hannun da sauri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

"Tun yaushe ka zama kifi?"

"Baba, taransifa na nema. Shekara shida ina ƙirga barguna a sito, alhali gyaran inji na karanta. Can suna neman masu..."

"Rufe mini baki! Kakan yarinyar nan da ƙafa ya yi yaƙi, ba a kwale-kwale ba! Kuma wata nawa kana cin abincina kana ɓoye mini?" Ya juya ga Auta. "Ke ma kin sani?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo. Saje ya ɗauko filaya, ya zare ƙusa ta biyar, ya jefa ta a aljihu.

"Ba aure, sai ka dawo cikin koren kaki. Fita!"

Auta ta bi Dogo har bakin ƙofa, haushi ya fi kukan yawa.

"Na gaya maka ko ban gaya maka ba? Hannu ɗaya ka kasa riƙewa!"

"Zan nemi komawa, Auta. In sito ne, na koma sito."

"Ka koma ka ƙirga barguna, kana kallona kana tuna ni na jawo maka? Ban yarda ba. Kuma ba zan bi ka ba da yardar Baba ba. Ka ga ka sa ni tsaka mai wuya!"

Haka aka yi wata takwas. Saje ya hana a ambaci ruwa in ba na sha ba. Mama ta yi magana har ta gaji.

"Haba Saje, duk ba ƙasa ɗaya suke tsarewa ba?"

"Ke me kika sani a aikin soja?"

"Shekara talatin ina wanke kakinka, na san dai duk datti ɗaya suke yi."

Ga Auta kuma sai ta ce, "Yi haƙuri, 'yar nan. Ubanki kamar tukunyar ƙarfe yake, yana daɗewa bai huce ba."

Ana nan sai Saje ya zame a banɗaki, ya karye a wuyan hannun dama. Yayyen Auta duka suna bakin aiki nesa, ba wanda aka ba izinin zuwa gida. Dogo kuwa jirginsu ya dawo, yana hutun wata guda. Ba wanda ya kira shi, ya ji labari ya zo. A lokacin an cire filasta, saura gashin ƙashi kullum a asibiti. Shi ya riƙa kai tsohon, ya bi masa layi, ya dawo da shi, ya zauna yana murza masa yatsu kamar yadda likita ta nuna.

Godiya? Ina!

"A hankali, Kifi! Hannu ne, ba injin jirgi ba!"

"To, Baba."

Rana ta goma, Auta na bayan labule ta ji Dogo ya ce, "Baba, canjin da na yi ban yi nadama ba. Amma ɓoyewar kuskure ne. Tsoro na ji. Ka yafe mini."

Saje ya yi tsaki kawai, ya miƙa masa hannun.

Ranar da hutun ya ƙare, Dogo ya zo sallama cikin fararen kakinsa, a karo na farko. Ya tsaya tsakiyar falo, ya ƙame, ya sara irin nasu, tafin hannu a kife, ba ɓoye-ɓoye.

Tsohon soja ba ya iya ganin sara bai mayar ba. Kafin Saje ya yi tunani, hannunsa ya tashi. Sai dai wuyan hannun da ya karye ya ƙi juyawa, tafin ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya yunƙura, ya cije leɓe, ya sake gwadawa. Ko gezau.

Mama ta riƙe baki, dariya ta ƙwace mata.

"Saje! Kai ma ka koma ruwan ne ba ka gaya mana ba?"

"Ciwo ne!" ya daka mata tsawa. Ya tsaya yana kallon hannunsa, sannan ya kalli saurayin da ya yi wata guda yana murza shi. Can ya laluba aljihu da hagu, ya fito da ƙusar nan. Ashe duk watannin tana tare da shi.

"Auta, kawo guduma."

Ta kawo da sauri. Ya gwada riƙewa, hannun ya ƙi. Ya tura wa Dogo a fusace.

"Tsayuwar me kake yi, Kifi? Buga! Kuma ka daidaita ta da sauran."

Auta ta fashe da kuka tana dariya, ta durƙusa gaban mahaifinta. Da ta yi gaggawa, da ta rasa ɗaya cikin mutanen nan biyu masu taurin kai. Mahaƙurci mawadaci, kuma gadon gida hali ne, ba launin kaki ba.

Yanzu hotuna biyar ne a bangon, huɗu kore, ɗaya fari. Har gobe Kifi Saje yake kiran Dogo, amma ranar da wani baƙo ya kuskura ya kira shi haka, sai da aka ba tsohon haƙuri.