Sawun Askar Baba Barau

Dija tana sheƙar shinkafa a tsakar gida lokacin da Inna Zulai ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado ta dire shi a bakin ƙofa. Akwatin kayan sa rana ne, wanda dangin Malam Sahabi suka kawo wata biyar da suka wuce.

"Gobe kwana arba'in ke cika," in ji Inna. "Babanki ya ce a maida musu abinsu. Ba ni ba da ɗiya ga kuturu ina ji ina gani."

Faifan ya suɓuce daga hannun Dija. Ta ce Malam ba kuturu ba ne, likita ma ya faɗa. Inna ta ce likita ba shi zai kwana ɗaki ɗaya da shi ba.

Sahabi malamin firamare ne a nan Gummi, kuma shekara shida yana fama da wani ciwon fata. Fatar takan yi kauri ta yi fari, tana ɓarewa kamar ɓawon kifi, ga ƙaiƙayi ga tsagewa. Ya sha sassaƙe har ya gode Allah kafin ya dangana da babban asibiti a Sakkwato. Can aka ce masa sunan ciwon soriyasis, ba a ɗaukarsa, ba ya warkewa kwata-kwata amma yana lafawa. Aka ɗora shi kan man shafawa da ƙwaya sau ɗaya a mako, da gwajin jini lokaci-lokaci. Likitan ya ja masa kunne cewa ya kiyayi yanka ko ƙwarzane, domin duk inda fata ta ji rauni nan ciwon kan tsiro. Ranar da ya fara zuwa zance wurin Dija ya zayyana mata komai, ita kuwa tun ranar ta ji ta amince da shi.

Matsalar ita ce uban Dija wanzami ne. Baba Barau ya shekara arba'in da zabira a kafaɗa, kuma a wurinsa babu ciwon da ya wuce mataccen jini, har ciwon haƙori. Da Inna ta tayar da maganar kuturta, sai ya kira Sahabi zaure ya gindaya masa sharaɗi: zai kafa masa ƙaho, ya ajiye maganin asibiti kwana arba'in, in ya warke a ɗaura aure. Sahabi ya san abin da likita ya ce. Amma wane saurayi ne zai dubi surukinsa ya ce askarsa cuta ce? Ya sunkuyar da kai ya tuɓe riga, aka kafa masa ƙaho goma sha biyu a gadon baya, inda fatarsa take lafiya lau.

Mako uku bai cika ba ciwon ya taso gadan-gadan. Ya kama wuya, ya kama kai, yatsu suka kumbura har alli ya gagare shi riƙewa.

Da la'asar ɗin ranar da Inna ta fito da akwatin, Dija ta saci jiki ta je wurin Fa'iza, yayar Sahabi, wadda ke shafa masa man kaɗanya a baya. Fa'iza ta faɗa mata abin da idonta ya gani. Dija ta dawo gida tana kuka, ta durƙusa gaban ubanta yana wasa aska.

"Baba, ban taɓa ƙi maka magana ba. Abu guda ni ka roƙo: kahin a ɗauki akwatin ga, ka dubi bayan Malam da idonka."

Baba Barau ya ci gaba da wasa askarsa.

Washegari Sahabi ya zo da kawunsa, ya zauna nesa da tabarma don kada a ƙyamace shi. Akwatin yana tsakiyar zaure. Inna da Dija suna bayan ƙofa, kowace da abin da take roƙon Allah. An gama gaisawa, kawun ya miƙa hannu zai jawo akwatin, sai Barau ya ce a dakata.

"Yaro, tuɓe rigarka."

Sahabi ya tuɓe da ƙyar, rigar tana manne wa fata. Barau ya matso ya tsaya a bayansa, ya ƙura wa fatar ido. Tabo goma sha biyu ne jere, shida dama shida hagu, daidai bakin ƙaho. A cikin kowanne ciwon ya bi tsaga bakwai-bakwai, duk sun karkata gefe guda. Barau bahago ne, kuma duk Gummi babu wanzamin da tsagarsa ke kwantawa haka sai shi. Tsakanin tabo da tabo kuwa fata tana nan sumul.

Ya sa ɗan yatsa ya taɓa ɗaya, Sahabi ya zabura. Tsohon ya san fatar kuturu ba ta jin taɓi.

"Likita ya hana ka yanka?"

"Ya hana, Baba."

"Mi ya sa ba ka hwaɗi ba?"

"Kunyarka ni ji. Kuma ban son in rasa Dija."

Hawaye ya zubo wa Barau, abin da Inna ba ta taɓa gani ba. Ya ɗaga murya yadda na bayan ƙofa za su ji.

"Zulai, wanga ba kuturta ba ce. Aikin hannuna ne, na san sawun askata. Maida akwati ɗaka."

Da kansa ya raka Sahabi Sakkwato, ya zauna gaban likita ya faɗi abin da ya yi. Aka sake gwajin jini, aka mai da Sahabi kan ƙwayarsa, likitan ya ce in ba ta riƙe ba akwai allura. Sai da aka yi wata huɗu fatar ta lafa, aka ɗaura aure bayan girbin shinkafa. Ciwon yakan motsa wani lokaci, Dija ce ke tuna masa ranar ƙwaya, kuma Inna ta daina ware masa kofi.

Haƙurin Dija ya biya ta. Kunyar manya ado ce, amma ba a kai ta har ga ɓoye abin da likita ya faɗa, kuma girman babba bai raguwa don ya ce ya yi kuskure. Har yau Baba Barau yana kafa ƙaho, sai dai kafin ya zaro aska yakan tambayi mutum ko yana da ciwon fata.