Hannun Mai Fito

Sun fara haɗuwa ne a ofishin wani ƙaramin kamfanin buga littattafai, a hawa na biyu, inda fanka ɗaya tak take aiki. Ita malamar makarantar sakandare ce, shekarunta ashirin da huɗu, ta zo rungume da rubutun littafinta na farko. Shi kuwa mai zane ne, kamfanin ya kira shi domin ya yi hotunan littafin.

Edita ya gabatar da su ga juna, ya fita amsa waya. Mai zanen ya miƙo hannu zai karɓi takardun, ta ƙi saki.

"Malama, in ba ki ba ni ba, sai dai in zana ki ke da kanki kina ƙanƙame da su."

Dariya ta kuɓuce mata, ta sakar masa. A nan idonta ya sauka a kan hannunsa na hagu. Wani tsohon tabon ƙuna ne shimfiɗe daga bayan hannun har zuwa wuyan hannu. Ta kawar da kai, shi ma ya ja hannun rigarsa ya rufe.

Littafin nata tsohuwar tatsuniya ce ta sake ginawa domin matasa irin ɗalibanta. Labarin wata yarinya ne da ta iso bakin kogi tana neman ɗan'uwanta da ya ɓata, ba ta da abin da za ta ba mai fito, sai ya karɓi inuwarta ya ajiye har ta dawo. A tatsuniyar asali mai fiton ya riƙe amana, ya mayar mata da abinta. Malamar ta faɗaɗa tsakiyar labarin, ta nuna yadda yarinya take rayuwa ba inuwa a cikin mutane masu yawan kallo. Babi goma sha ɗaya sun kammala, na ƙarshe ne ya gagare ta.

Ta ce masa, "Sharaɗina ɗaya ne. In ban da kai da edita, kada kowa ya ga ko layi guda kafin a buga. Ɗalibaina ma ba su san ina rubutu ba."

Ya ce, "Na ji, na kuma ɗauka."

Da farko saƙonninsu na aiki ne zalla. Yakan aiko da zane, ya biyo shi da ra'ayi.

"Malama, na gama babi na uku. Yarinyar nan ta yi saurin yarda. Wanda za a raba da inuwarsa ai sai ya yi gardama tukuna."

Ta ji haushi, ta kwana biyu ba ta amsa ba, sannan ta gyara babin, ta kuma ga ya fi na da. Haka ya riƙa kawo mata gyara, kowanne ya faɗa daidai gurbinsa, har tana mamakin inda saurayi ɗan zamani ya san hanyoyin tatsuniya haka. Kafin wata uku, saƙonnin sun sauya launi.

"Alƙalamina, kin ci abinci kuwa, ko yau ma yarinyar kogi ta cinye miki wuni?"

"Na ci, Fensirina. Kai ne nake zargin fenti kake sha, shi ya sa ba ka ƙiba."

"In na ƙiba, wa zai shiga kwalekwalen da na zana?"

Wata ranar Asabar da hantsi ta je shagonsa duba zane. Yana wanke burushi, ya naɗe hannun riga, ya ga tana kallon tabon. Wannan karon bai rufe ba.

Ya ce, "Ina da shekara huɗu. Umma tana guga, aka kira ta a bakin ƙofa, ta bar dutsen a ƙasa. Shekara ashirin da biyar ke nan, amma har yau in ta riƙe hannun nan sai ta yi shiru. Ban taɓa gaya wa kowa ba, domin duk wanda ya ji, ita zai kalla."

Ta ce, "A wurina ya tsaya."

A ranar ya gaya mata yana so ya turo manyansa, ta sunkuyar da kai ta ce ya bari littafi ya fito.

Edita ya taɓa nuna yana sonta, ta ba shi haƙuri cikin ladabi. Shi ne ya kira ta ofis wata rana, ya rufe ƙofa.

"Matar yayana ta je asibitin ido. A kan layi ta ji wata tsohuwa tana ba matan da ke wurin labarin yarinyar da ba ta da inuwa, har da wurin da 'yan makarantarsu suke taka ƙasa a bayanta suna dariya. Wannan ai ba ya cikin tatsuniyar da, ke kika ƙirƙire shi. Ni dai ban ba kowa ba. Saura mutum ɗaya."

Bai yi ƙarya ba. Sai dai ya san mai zanen yana da uwa mai ciwon ido, kuma bai ambata ba.

Tun a kan matakala ta rubuta wa mai zanen saƙo.

"Ka nuna wa wani littafina?"

"Eh. Amma ki bari in zo in yi miki bayani."

"Ba sai ka zo ba. Aiki ne ya rage tsakaninmu, shi ma ta hannun edita."

Ta toshe lambarsa. Sau biyu yana zuwa ƙofar makaranta, tana aika masa da cewa tana aji.

Babin da ya gagare ta wata shida, cikin kwana biyu ta rubuta shi. Ta mayar da mai fito ɓarawo, mai sayar da inuwoyin da aka ba shi ajiya. Da ta ga bai ishe ta ba, sai ta sa masa tabon ƙuna a hannun hagu, ta rubuta cewa uwarsa ce ta ɗora masa ƙarfe mai zafi yana yaro, ranar da ta kama shi da sata. Ta san abin da take yi. Ta karanta layin sau uku, ta bar shi.

Edita ya yaba, ya tura wa mai zane. Da samfurin littafin ya dawo domin ta duba, ta bi rubutu kalma kalma, amma shafukan hoto ta tsallake su, domin ba ta son ganin aikin hannunsa. Ta sa hannu, aka buga kwafi dubu uku.

A ɗakin malamai ta buɗe kwalin farko. Abokan aiki suna taya ta murna, ita kuwa ta tsaya a shafi na ɗari da tara. Mai fito ne tsaye a kwalekwale, fuskarsa fuskar mai zanen ce sak, hannun hagu a kan filafilin tuƙi, an fitar da tabon layi layi. A tsakanin shafukan akwai takarda a ninke.

"Malama, na zana shi yadda kika rubuta shi, ban rage komai ba, aikina ke nan. Wadda na karanta wa littafin Umma ce. Shekara uku ke nan ba ta gani, ita ce kuma mai ba mu tatsuniya muna yara. Duk gyaran da na kawo miki nata ne. Na saɓa alkawari, wannan laifina ne, na kuma amsa shi. Babi na ƙarshe ban karanta mata ba, na ce mata ba ki gama ba."

Ta ninke takardar, ta nemi izini, ta bar makaranta kafin a tashi.

Ta same shi a shago. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ban zo da hujja ba. Na san inda zai yi maka ciwo, can na taɓa."

Ya ajiye burushi. "Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Da fushin na yi zanen, ni ma ina da rabona a ciki. Zauna, Alƙalamina."

Tsakaninsu bai ɗauki lokaci ba ya gyaru. Amma littafi ya riga ya shiga makarantu arba'in. Wata maƙwabciyar Umma ta ga kwafi a hannun yaranta, ta gane fuskar da ke ciki, ta kawo da murnarta, ta karanta wa tsohuwar babin ƙarshe tun daga farko har ƙarshe.

Da ɗan ya sake ɗaga maganar aure, Umma ta ce, "Ban hana ka aure ba. Ka kawo kowace ce, ban da wannan."

Mahaifin malamar ma da labari ya iso masa, ya kira ta falo ya ce, "Ba zan kai ki gidan da uwar miji take kuka da ke ba. Kuma ba zan aika kowa ban haƙuri ba. Hannunki ne ya rubuta, ƙafarki ce za ta je."

Ta je. Ta tarar da Umma zaune a kujera kusa da taga, rediyo a kan cinyarta. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ke ce mai littafin?"

"Ni ce, Umma."

"Ban zama Ummarki ba tukuna. Kin zo da shi?"

"Yana jakata."

"Buɗe babin ƙarshe. Na ji shi a bakin wata, ina so in ji shi a bakin mai shi."

Ta fara karantawa. Da ta iso layin ƙarfe mai zafi, muryarta ta tsaya.

"Ci gaba. Ranar da kika rubuta ai ba ki tsaya ba."

Ta karanta har ƙarshe, hawaye yana ɗiga a kan shafin. Tsohuwar ta kashe rediyon da yake ta magana ƙasa ƙasa.

"Satar da kika ɗora masa ba ta dame ni ba, kowa ya san ɗana. Amma kin ce da gangan na yi. Shekara ashirin da biyar ina gaya wa kaina tsautsayi ne, ban gama yarda ba, sai ga shi a littafi yara suna karantawa."

"Na roƙi kamfani, sun yarda a sake babin a bugu na biyu. Na farkon kuwa sun riga sun fita, ba ni da ikon dawo da su."

"Na sani." Umma ta ƙara da cewa, "Abin haushin ma, babin ya yi kyau. Ya fi duk sauran. Da fushi kika fi iya rubutu, shi ne abin da nake ji wa ɗana tsoro."

Malamar ta rufe littafin. Umma ta ci gaba.

"Sabon babin, a ɗakin nan za ki rubuta shi, kina karanta mini. In ya so in ga irin hannun da kike da shi in ba ki cikin fushi."

Asabar bakwai tana zuwa. Ta rubuta, ta karanta, Umma ta ce a goge. "Mai fiton nan ya cika kirki, sai ka ce ba mutum ba. Ki bar shi ya yi sha'awar inuwar, sannan ya mayar." A Asabar ta biyar tsohuwar ta sa aka kawo mata shayi. A ta bakwai, da aka kai layin ƙarshe, ta ce, "Bai kai wancan ba, amma zan iya ji in yi barci. Ki gaya wa babanki muna nan tafe."

Malamar ta san gaskiya tsohuwar ta faɗa. Da bugu na biyu ya fito, ɗalibanta suka ce sun fi son na farko, har suna aron tsofaffin kwafin a tsakaninsu. Ta saurare su, ba ta iya gaya musu dalili ba.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da safiyar ranar saƙonsa ya shigo.

"Alƙalamina, na sa riga mai gajeren hannu. Na gaji da ɓoyo."

"Fensirina, Allah ya ba ni ikon riƙe shi da kyau."

A wurin taro ta ga wasu ɗalibanta suna kallon hannun ango suna taɓa juna. Shi ma ya gani, ya ɗaga musu hannun ya yi murmushi, ita ce ta sunkuyar da kai.

Da yamma aka kai su gaban Umma. Ta lalubo hannun ɗanta na hagu, ta lalubo na amarya, ta haɗa su a kan cinyarta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya tsare ku daga fushin da ba a jira bayani. Allah ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙai." Ta ɗan matse hannun amaryar. "Kwafi ɗaya na bugun farko yana cikin akwatina, ban yar ba. Ranar da suka iya karatu suka tambaya, 'yata, ke za ki yi musu bayani, ba ni ba."

Amarya ta ce, "Na ɗauka, Umma."

Tsohuwar ta ce, "To, amin. Ku tashi ku je."