Kunnen Nafi'u Mai Haɗa Sifika

An ɗauke wuta ana tsakiyar fim, yara suka fito tsakar gida suna tsaki. Yaya Hansai, 'yar wan babansu da ta zo musu daga Gusau, ta gyara zama a tabarma, ta rage murya.

Ku zauna. Kai Jamilu, tun ɗazu kake cika mana baki da sifikun babanku, wai ta bayanka kake jin harbi. To matso, kai na fi so ka ji wannan.

A layinmu akwai wani Nafi'u. Aikinsa haɗa wa masu hali kayan sauti a falo, irin wanda ake kewaye mutum da sifiku. Uku a gaba, biyu a baya, sai wata ƙatuwa a ƙasa mai gurnani. Shi suke kira biyar da ɗaya. A ƙara biyu a gefe, ya zama bakwai da ɗaya. Har da na silin akwai, wanda in aka yi ruwa a fim sai ka ɗaga kai ka duba rufi.

Jarin Nafi'u kunnensa ne. Ka rufe masa ido ka jefa cokali, zai nuna maka inda ya faɗi. Da kunnen nan yake ci, da shi yake riƙe gidansa.

Yana da wata al'ada. In ya gama haɗi, sai ya zauna a tsakiyar ɗakin, ya rufe ido, ya kunna gwaji. Na'urar takan tura wani shuu zuwa kowace sifika bi da bi. Duk wadda ta yi, sai ya ce mata, "Na ji." Har tsokanarsa ake yi, wai yana gaisawa da akwatuna.

Wata rana bayan la'asar, wani dogon mutum cikin farar shadda ya shigo shagonsa, ya yi sallama. Nafi'u ya waiwaya baya ya amsa. Bango ne a bayan. Mutumin yana tsaye a gabansa.

"Kai ne mai raba wa sauti wuri?"

Bakin yana motsi a gaba. Maganar kuma daga bakin ƙofa ta fito.

"Ni ne, Alhaji. Wane iri ake so?"

"Mafi yawa."

"Bakwai da ɗaya ke nan, a ƙara na silin."

"Na ƙarƙashin ƙasa fa?"

Nafi'u ya yi dariya. Shi kaɗai ya yi ta.

Wallahi da ni ce, a nan zan ce kaya sun ƙare. Amma kun san namiji da son a ce ya iya. Ya ce a ransa amsa-kuwwar shago ce, ya kira a-kori-kura aka loda kwalaye.

Gidan da mutumin ya kai shi can bayan gari ne, inda aka fara gine-gine aka watsar, ciyawa ta cinye su. Gida ɗaya ne kammalalle. Direban ya sauke kaya a ƙofa, bai ko kashe mota ba, ya juya.

Babu waya daga fal ɗin wuta. Babu ƙarar janareta. Amma ƙwan lantarki yana ci a falon. Ƙasa duk ƙurar siminti ce, kuma da Nafi'u ya duba, sawunsa kaɗai ya gani. Kujeru sun kewaye ɗakin a jikin bango, dukkansu suna kallon tsakiya.

"Alhaji, ina talabijin ɗin?"

"Mu ba kallo muke yi ba."

Wannan karon daga sama maganar ta zo.

Ya kama aiki. Ya huda bango, ya ja waya, ya manna na silin. Hasken taga ya yi ja. Ya kasa kunne ko zai ji kiran magariba daga wani masallaci, bai ji ba. Ya ce bari in gwada in fita.

Ya zauna a tsakiya. Ya rufe ido.

Shuu, daga gaba ta hagu. "Na ji."

Shuu, daga tsakiya. "Na ji."

Dama. Gefe. Baya. Sama. Yana ta amsawa, baki ya riga ya saba.

Sai daga ƙarƙashinsa, daidai inda yake zaune, wata murya mai taushi ta ce, "Nafi'u."

Ko ke Murja kin san ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba. Shi ma ya sani. Amma bakin ya riga shi.

"Na'am."

Ya buɗe ido. Filogin na'urar yana yashe a ƙasa. Tun farko bai jona ta ba.

Kujerun nan duk sun lotsa, kamar an zauna a kansu. Wata tsohuwa ta yi tari ta sifikar hagu. Wani yaro ya ƙyalƙyale ta silin. Nafi'u ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ƙi. Ya kamo Ayatul Kursiyyu, harshe ya yi masa nauyi.

Mutumin ya tsuguna a gabansa.

"Mu muryarmu ba ta da mazauni. In na kira ɗana, bai san inda zai nufa ba. Mun ɗauka a akwatunanka abin yake. Ashe a kunnenka yake."

"Alhaji, don Allah. Da shi nake ci."

"Ba za ka kurumce ba. Mu ba azzalumai ba ne. Har ƙari za mu yi maka."

Yatsu biyu masu sanyi suka taɓa kunnuwansa. Ya ji kamar ana zare zare a hankali. Bai iya ko kawar da kai ba, hawaye kawai ke zuba.

Mutumin ya miƙe ya ce, "Auta, zo." Wata kujera a can lungu ta cika ta koma daidai. Ƙananan sawu suka bayyana a ƙura, ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye zuwa wurinsa. Ɗakin ya ɗauki guɗa.

"Tashi ka tafi."

Nafi'u ya bar kayan aikinsa da takalminsa, ya yi ta gudu har titi. Mota ta yi masa hon, ya ji ta a baya, ya yi tsalle gaba. Ashe a gabansa take. Allah ne ya yi da sauran kwanansa.

Tun daga ranar, ƙarin da suka ce ya tabbata. Yana jin raɗar maƙwabta ta cikin katanga. Yana jin tafiyar ƙadangare. Amma komai, komai da komai, daga ƙeyarsa yake jin sa. Likita ya duba ya ce kunne lafiya lau. An yi ruƙiya har malamai suka gaji. Aka koma bayan garin, aka tarar da kango ba ko rufi. Shago ya rufe. Titi ma sai an tsallakar da shi.

Duk wannan ya daure. Abin da ya karya shi wata Juma'a ce. Maza sun tafi masallaci, wanda ya saba yi masa jagora bai zo ba, matarsa ta je barka. Shi kaɗai da 'yarsa Zulai, 'yar ƙarama da ko makaranta ba ta shiga ba. Ya shiga wanka, ta fice.

Sai ya ji ihunta.

Ya fito layi a guje. Yana jin kukanta tar. Yana jin numfashinta, yana jin yashi yana zubowa a kanta. Ya juya, tana bayansa. Ya yi gabas, tana bayansa. Ya yi yamma, tana bayansa.

"Zulai! Ina kike?"

"Baba, ina nan!"

"Nan ina?"

"Nan!"

Ni na fito zubar da ruwa na gan shi, ƙato da shi, yana ta juyi a tsakiyar rana yana kuka. Na kasa kunne. Da ƙyar na jiyo ta, amma na san inda zan nufa. Ramin masai ne da ake haƙa a bayan katangar da ke gabansa. Da ya miƙa hannu zai taɓa katangar.

Muka ciro ta, ƙafa a karye, baki duk ƙasa. Ya rungume ta. Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ina ta kiranka. Me ya sa ba ka zo ba?"

Ni ma da na ji, raina bai ƙara daɗi ba ranar.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Duk sana'ar da Allah ya ba ku, kada wanda ya bi baƙo shi kaɗai zuwa gidan da babu maƙwabci. In ya ce sai kai kaɗai, ka ce masa ba ka da lafiya.

Jamilu, je ka ɗauko mana fitila. A'a, tsaya. Ku tafi ku biyu.