Daƙiƙa Uku na Duhu

Duk sanda Injiniya ta kunna na'urar ƙirga mutanen ɗaki, sai bayanin da take turo wa kwamfuta ta siririyar waya ya ɗauke daƙiƙa uku, lokacin da na'urar ke cikin tashi. Daren nan ta hana wutar wayar yankewa.

"'Yata, bar ta ta mutu," in ji wani dattijo a bayanta, yana ƙaurin dalmar liƙe waya. "Wannan duhun namu ne."

Alhali ita kaɗai ce a ɗakin, da hannunta ta kulle ƙofar tun ɗazu.

"Baba, aikina ke neman suɓucewa. Ko kai waye, sai na gani."

Ta kunna. Rubutu ya zubo a kwamfutar: mutum ɗaya. Biyu. Arba'in.

"To," ta ce, ko waiwaye babu, "ku matsa, kun tare min haske."